Littafin Da Baba Ya Bari A Durowa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Wata uku ke nan da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Shekara 38 ya yi yana kasuwanci, ya bar mahaifiyarmu da mu bakwai. Ni ce babba, autarmu shekararta 11. Mutum ne da duk gajiyar da ya kwaso ba ya kwanciya sai ya leƙa ɗakin kowannenmu. Ƙannena maza suna so a raba gado da wuri, a ware wani abu a buga tarihinsa, a kuma rubuta sunansa a jikin shagon. Ni kuwa ina cikin kwashe takardunsa na ci karo da wani tsohon littafi a durowa, cike da sunaye da lissafi da rubutun hannunsa. Wasu an soke su da jan biro, wasu ba a soke ba. Akwai kuma sunaye biyar da kowane wata yake rubuta kuɗi a gabansu, ba wani bayani. Ban nuna wa kowa ba, ina tsoron kada ya tayar da rigima. Baba, ta yaya za mu tuna da shi yadda ya dace?

'Yarka, mai bibiyar wannan fili

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya haskaka makwancinsa, ya ba mahaifiyarku haƙurin wannan rashi.

Ki fito da littafin nan. Kada a sake zaman maganar gado ko buga tarihi sai yana ajiye a tsakiyar zaman. Tarihin da ƙannenki suke son bugawa, shi da kansa ya riga ya rubuta rabinsa, kuma shi ne kika tsinta a durowa.

Ina faɗa miki haka ne da ciwon abin a raina. Ina da shekara 26 namu mahaifin ya rasu, shi ma ɗan kasuwa. Muka yi gaggawa muka raba komai, kowa ya kama gabansa. Bayan shekara ɗaya da rabi wani dattijo ya yi sallama, ya ciro wata takarda da ta sha ninki har ta kusa rabuwa, da sa hannun mahaifinmu a ƙasa. Kuɗi ya ba mahaifinmu ajiya. Ya ce kunya ce ta hana shi zuwa da wuri, ba ya son a ce ya zo bin bashi gidan makoki. Lokacin wasunmu sun riga sun kashe rabonsu. Mun biya shi, amma sai da muka ɗauki wata tara muna harhaɗawa, kuma maganganun da muka gaya wa juna a tsakanin nan har yau ina roƙon Allah gafara a kansu.

Tsarin shari'a a fili yake. Daga dukiyar mamaci ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya idan ya bari, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, sannan a raba abin da ya rage. A ayoyin gado na Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, sau huɗu aka maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Har tumunin mahaifiyarku ma, wato kashi ɗaya cikin takwas, daga abin da ya saura ake fitar da shi.

Akwai labarin da nake so ki ba ƙannenki, yana cikin Sahihul Bukhari. Sahabi Zubairu ɗan Awwam, a ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya ce babban abin da ya dame shi bashinsa ne. Ba almubazzaranci ya jawo bashin ba. Idan mutum ya kawo masa ajiya, sai ya ce a'a, a mayar da shi rance, don yana tsoron kada ya salwanta. Wato ya ɗora wa kansa nauyin biya ko da dukiyar ta ɓata. Da ya rasu bai bar dinari ko dirhami ba, sai filaye da gidaje a Madina da Basra da Kufa da Masar. Abdullahi ya lissafa bashin ya tarar ya kai 2,200,000. Ya sayar da wani fili da ake kira Gaba, wanda mahaifinsa ya saya a kan 170,000, aka saye shi 1,600,000. Da ya gama biya 'yan'uwansa suka ce to a raba mana. Ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shela a lokacin aikin hajji shekara huɗu a jere, cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo. Haka ya yi, sannan ya raba.

Ban ce ku jira shekara huɗu ba. Jinkirta gado ba dalili shi ma zalunci ne, musamman da yake akwai yarinya a cikinku. Amma ku sa wa'adi, ku sanar a inda mahaifinku ya yi hulɗa, wajen waɗanda yake sarin kaya da waɗanda suke ɗauka a wurinsa. Ku zauna da yaron shagonsa da ya fi daɗewa, ku bi littafin layi-layi, a gaban shaidu biyu da malamin da ya san rabon gado. Shi zai gaya muku me jan biro yake nufi a wajen maigidansa, an biya ne ko yafewa ya yi. Waɗanda shi yake bi kuma, idan kun tarar da wanda yake cikin ƙunci, Suratul Baƙara aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu, yafewa kuwa ta fi. Sai dai ki lura, baligi kasonsa kaɗai zai iya yafewa. Na autarku ba mai ikon yafe shi, ba kuma mai ikon taɓa shi don buga littafi ko rubuta allon suna.

Sunaye biyar ɗin nan su suka fi tsaya mini a rai. Ga alama mutane ne da yake ɗauke da su a ɓoye, wataƙila matar wani abokinsa da ya rasu, ko kuɗin makarantar wani yaro, ko maganin wata tsohuwa. Wata uku ke nan ba su ga komai ba, kuma ina kyautata zaton ba ɗayansu da zai buɗe baki ya tambaya. Wannan ba bashi ba ne, ba dole a kanku. Amma Abdullahi ɗan Umar ya taɓa gamuwa da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Aka ce masa ai ɗan abu kaɗan ya ishi irin waɗannan mutane. Ya ce mahaifin mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi (SAW) yana cewa mafificiyar biyayya ita ce ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Idan manyanku suka amince kowa ya riƙa cire wani abu daga nasa, ku ci gaba da aika wa mutanen nan, kuma ku rufa musu asiri kamar yadda ya rufa. Kada sunansu ya shiga littafin da za a buga.

Tarihin kuwa ku buga shi, ban hana ba, sunan ma ku rubuta. Amma kafin a kai ga maɗaba'a, ki ɗauki wayarki ki naɗi muryar waɗanda suka san shi tun bai da komai: yayyensa, direbansa, abokin da suka fara kasa kaya tare. Ki tambaye su shekarar da ya karye da yadda ya tashi, don yaran gida galibi lokacin wadata kawai suka sani.

Mahaifiyarku tana cikin takaba, saura wata ɗaya da kwana goma ta fita. Ita za ki fara nuna wa littafin, ke da ita kaɗai, kafin ƙannenki su gani. Ki karanta mata sunaye biyar ɗin a hankali. Zai yi wuya a ce ba ta san ko da uku daga cikinsu ba.