Ki Ba Ta Keken, Amma Ki Gyara Shi Tukuna

Assalamu alaikum 'yata,

Saƙonki ya iso ni, kuma na ji daɗi da kika tsaya tambaya kafin ki aikata. Kin ce aminiyarki za ta koma sabon gida, kina son ba ta tsohon keken ɗinkin nan na hannu da kika samu wurin masu sayar da kayan da, amma kina tsoron kada ta ɗauka raini ne, a ce kin rasa abin ba ta sai tsohon kaya. Kin kuma ce kina ganin sababbin kaya a intanet da aka ƙera da siffar na da, fitilu da agogo da kwanuka, kina tunanin ko su suka fi dacewa tunda sababbi ne dal.

Ki ba ta keken. Kyautar tsohon abu daɗaɗɗiyar al'ada ce a wurin mutane ko'ina. Kafin masana'antu su cika duniya da kaya, abin da mutum ya daɗe yana aiki da shi shi ne mafi daraja cikin abin da zai iya bayarwa. Uwa ta ba 'yarta almakashinta, uba ya kwance agogonsa ya ɗaura wa ɗansa, mai sana'a ya miƙa wa yaronsa gudumarsa ranar da ya yaye shi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan raini. Inda raini yake shi ne mutum ya share ɗakinsa, ya tattara abin da ya gundure shi, ya naɗe a takarda ya ce kyauta ce. Mai karɓa kuwa yakan gane tun bai gama buɗewa ba.

Saboda haka ba a ba da tsohon abu yadda aka tsince shi. Wahalar da kika sha wajen gyara shi tana cikin kyautar. Ki shimfiɗa tsumma, ki kwantar da kan keken ta baya, ki leƙa ƙarƙashinsa. Za ki ga sanduna da haƙora duk na ƙarfe, shi ya sa yake da nauyi, shi ya sa kuma ya kawo yau. Ki cire farantin da ke ƙarƙashin allura, ki share audugar da ta dunƙule a tsakanin haƙoran da ɗan buroshi. Sai ki bi ramukan mai, ɗigo ɗaya ɗaya na man keke, kina juya hannun a hankali kina saurare. Da farko zai yi ta ƙugi, can za ki ji muryarsa ta yi laushi. Zanen nan mai ruwan zinare da ke jikinsa kada ki kai masa sabulu mai ƙarfi ko wani sinadarin goge-goge, zai dishe kuma ba ya dawowa. Man keke a tsumma mai laushi ya wadatar. Ki sa sabuwar allura, ki ɗinka layi biyu ko uku a ƙyalle, ki bar ƙyallen a ƙarƙashin allurar. Da ta buɗe za ta ga shaidar cewa yana aiki.

Idan Singer ne, ki duba lambar da aka buga a shimfiɗarsa ta hannun dama, da ita ake gano shekarar da aka ƙera shi. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, daga baya kamfanin ya kafa babbar masana'anta a Clydebank da ke Scotland, wadda ta yi aiki har 1980. Kekunan can suna da harafin K a bayan lambar samfurinsu, kamar 15K ko 99K. Ko ya zama ba Singer ba ne, kada ranki ya ɓaci. Samfurin 15 an kwaikwaye shi sosai a Japan da Sin da Indiya, kuma amfanin hakan shi ne kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Abin da kika gano ki rubuta shi a 'yar takarda ki saka a aljihun keken: inda aka ƙera shi, shekararsa, da yadda ya zo hannunki. Iyakar abin da kika sani za ki rubuta, ban da ƙari. Idan kuwa wata rana abin gado ne na gida kike son bayarwa, sai kin nemi yardar duk mai haƙƙi a ciki.

To, batun sababbin da aka yi wa kamar na da. Ni ban ga laifinsu ba. Kewar aikin hannu ta tsufa ita ma. Tun 1861 wani mai zane, William Morris, da abokansa suka kafa kamfani a Ingila don farfaɗo da sana'o'in hannu irin na da, saboda ganin yadda kayan inji suka fara mamaye gidaje ba kyau ba ƙarko. Mai sassaƙa ko mai saƙa da ya ɗauki tsohon salo ya yi aiki mai kyau da shi, abin yabo ne. Abin da ba na so shi ne roba da aka shafa wa fenti mai kalar tsatsa, ko katako da aka kankare don ya yi kamar ya ga jiya, a sayar miki da sunan tsoho. Dillalai sukan ce sai abu ya kai shekara 100 kafin a lissafa shi cikin kayan tarihi, kasuwar intanet ta Etsy kuma ba ta yarda a saka abu a sahun kayan da sai ya kai shekara 20. Amma idonki ya fi waɗannan ƙa'idoji amfani. Tsufan gaskiya yana zama ne inda hannu yake taɓawa: mariƙi, bakin murfi, gindin da ake ja a kan tebur. Na jabu kuwa ko'ina daidai yake, har lungun da yatsa ba ya shiga. Idan kin sayi irin wannan don ado, ki ce sabo ne mai siffar na da, shi ke nan.

An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa ba kowane tsohon abu ne ke da lafiya ba, wannan ki riƙe shi da kyau. Agogon da lambobinsa ke haske cikin duhu, in an yi shi kafin shekarun 1960 su ƙare, mai yiwuwa fentin radiyam, wani sinadari mai haɗari ga lafiya, ne a fuskarsa. Shi ne ya hallaka 'yan matan da ke shafa shi a masana'antun Amurka a shekarun 1920, domin da leɓe suke tsinin buroshin. Kada ki buɗe gilashinsa. Tsohon fenti kuma yakan zo da dalma, wadda guba ce. Sai a 1978 Amurka ta hana shi a gidaje, don haka tsohon abin wasa ko gadon jariri mai fenti ba na yaro ba ne. Langa ko tangaran da cikinsa ya ɓantare a bar shi wa allura da zare da maɓallai.

Da ni ce ke, zan haɗa da abin da na yi da hannuna. Ki tattara ƙyallayen tsofaffin kayanki, har da wanda za ta gane, ki harhaɗa su ki ɗinka wa keken riga da shi kansa keken. Kada ki raina aikin faci. Matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka da tsofaffin wandunan aiki suke harhaɗa barguna don maganin sanyi, a 2002 sai ga bargunansu rataye a manyan gidajen baje kolin zane na Houston da New York.

Abu ɗaya ya rage: ki binciko a hankali ko tana ɗinki, ko tana da sha'awar koya. In ba ta yi, keken zai zame mata nauyi, ga cin wuri, ga kunyar rabuwa da shi. Idan haka ne ki riƙe kekenki, ki ɗinka mata mayafin gado na faci da shi. Ki sanar da ni abin da lambar ta nuna. Ki gaishe min da mutanen gida.

Goggonki