Wa za a ambata, wa za a sakaya a cikin memuwar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Maraɗi, ina shekara ta uku ta karatun aikin kula da jin daɗin jama'a, wanda muke kira asistan sosiyal. Memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kan auren wuri ne, kuma lokacin istaj, wato koyon aiki a fili, na yi hira da mata goma sha biyar. Malamin da ke bibiyar aikina ya maido mini babin farko duk jan biro, kusan kowane layi yana tambayar daga ina na samo. Da na kai masa babin hirarraki da sunayen matan, sai ya ce in goge su duka. Malam, kaina ya ɗaure: in faɗi inda na samo magana ne, ko in ɓoye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Malaminki bai yi tufka da warwara ba. Masu ba ki magana iri biyu ne. Akwai wanda ya rubuta ya buga don duniya ta karanta, shi haƙƙinsa a faɗi sunansa. Akwai kuma matar da ta zaunar da ke a tabarmarta ta faɗa miki abin da ko uwarta ba ta sani ba, ita haƙƙinta a rufa mata asiri. Ɗaliban wasu fannoni da na farkon kaɗai suke fama, ku kuwa duka biyun na wuyanku.

Mu fara da jan biron. Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ba a karanto hadisi sai da isnadi, wane daga wane daga wane. A gabatarwar Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi na cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Abin da malaminki ke nema ke nan: ki bar sawu, yadda mai karatu zai bi ya isa inda kika ɗebo ruwan ya gani da idonsa.

Ga misali daga cikin aikinki. Kusan kowane memuwar a kan auren wuri yana farawa da cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Adadin gaskiya ne, amma in kin ajiye shi tsirara ba ki faɗi komi ba. Ya fito ne daga binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta gudanar, kuma matan da aka ƙirga masu shekara 20 zuwa 24 ne a lokacin. An yi binciken a 2012, rahoton ya fito a 2013, saboda haka a cikin jimla za ki ce binciken 2012, a cikin baka biyu ( ) kuma ki sa shekarar bugu. Wannan binciken dai shi ya ce matsakaicin haihuwar mace a Nijar 7.6 ne, sai wani na 2021 ya zo da 6.2. Har gobe ina ganin ɗalibai suna rubuta "a yau" sannan su kawo 7.6. Rashin shekara ɗaya tal a cikin baka ya mai da gaskiya kuskure.

Tsarin ambaton marubuta da aka fi bi a fanninku shi ne APA, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka. Ya samo asali tun 1929, bugu na bakwai kuma ya fito a 2019. Amma fara tambayar makarantarku ko tana da nata jagoran, don wasu malaman da suka yi karatu a Faransa sun fi son bayani a ƙasan shafi. Wanda aka zaɓa, ki bi shi daga farko har ƙarshe. A APA, cikin rubutu sunan iyali da shekara kawai ake sa wa. Barbara Cooper, ƴar tarihi daga Amurka, ta rubuta littafi a kan aure a Maraɗi tsakanin 1900 da 1989, ya fito a 1997. In kin ɗauki ra'ayinta sai ki rubuta (Cooper, 1997). In kalmominta kika kwaso daidai, ki sa su cikin alamar zance ki ƙara lambar shafi. In sun kai kalma 40, a ware su sakin layi na daban, ba alamar zance. Marubuta uku ko fiye, sunan na farko sai "et al.", wato da sauransu. Takardar da ba ta da shekara, "s.d.", wato ba shekara. Duk wanda kika karanta kika ambata a cikin rubutu dole a same shi a jerin littattafan da ke ƙarshen memuwar, kuma kada jerin ya ɗauki littafin da ba ki ambata ba don kawai ya yi tsawo.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne sake fasalin magana. Sai mutum ya kwafo sakin layi, ya musanya kalma uku da masu kama da su, ya ce nasa ne. An dai canza wa tuwo suna. Satar fasaha ce ko da kin sa sunan marubucin a ƙarshe, tunda ginin jimlar nasa ne. Dabarar da nake ba nawa ɗaliban: ki karanta, ki rufe littafin, ki faɗa wa kanki abin da ya ce da Hausa kamar kina yi wa ƙawarki bayani, sannan ki rubuta da Faransanci. Abin da ya ratsa ta Hausarki ya fito, da wuya ya fito da kayan mai shi. Sunansa dai yana nan a cikin baka biyu, don tunanin nasa ne.

Sai kuma "an ce wane ya ce". Kowa na ambaton Mary Richmond da littafinta na 1917 a matsayin tushen aikinku, amma nawa ne suka taɓa riƙe shi? In a wani littafin kika ga maganarta, faɗi gaskiya: sunanta da shekara, sai "cité par", wato "wane ya ambato", sai wanda kika karanta. Shi ne zai shiga jerin ƙarshe. Ranar sutanans, wato ranar kare memuwar, ba a ɓoyon cibi, kuma tambayar da ƴan juri masu yi miki hukunci suka fi so ita ce: a wane shafi kika gani? Haka ma manhajojin nan masu rubuta wa mutum amsa, sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara, su yi kyau kamar gaske. Abin da ba ki buɗe da hannunki ba, kada ya shiga.

Game da inda za ki nemo, kada ki tsaya ga tsofaffin memuwar da ke yawo a WhatsApp, masu kwafar juna har da kurakuran. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001, tana saka rahotannin bincikenta kyauta a intanet, kuma yawancinsu a kan lafiya da zamantakewar Nijar ne. Akwai kuma rumbunan takardun bincike na intanet irin su Persée da HAL da OpenEdition. Doka kuwa a ambace ta da lambarta da ranar da aka sa mata hannu, daga jaridar gwamnati.

To, matan nan goma sha biyar. Hirar da kika yi don bincikenki ba ta shiga jerin ƙarshe, domin ba wanda zai je ɗakin karatu ya same ta, kuma bai kamata a iya samunta ba. Ki ba kowace lamba ko sunan aro, ki faɗa a babin hanyoyin bincike cewa haka kika yi. Sai dai goge suna kaɗai ba ya isa, a nan ne nake so ki natsu. Maraɗi babba ce a taswira, amma ƙarama ce a baki. In kin rubuta cewa bazawara ce mai shekara 19, mai sayar da ƙuli-ƙuli, a unguwa kaza, mijinta direban babbar mota, ai kin zana ta. Na taɓa zama a wani juri inda ɗaya daga cikinmu ya gane wadda ake magana tun shafi na biyu, don maƙwabciyar ƙanwarsa ce, alhali ba sunanta ko ɗaya a takardar. Ki ce "tsakanin shekara 18 da 24", ki ce "ƙaramar sana'a", ki ce "wata unguwa ta cikin gari". In ƙauye ne kamar na wajen Madarunfa ko Tibiri, sunan ƙauyen ma ki sakaya shi. Takardar da ke haɗa lambobi da sunayen gaskiya ki ajiye ta dabam, muryoyin da kika naɗa kuma kada su kwana a wayar da ƙannenki ke wasa da ita. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ina fata kuma tun farko kin gaya musu, da Hausa, abin da za ki yi da maganarsu, sun amince, kuma waɗanda ba su kai 18 ba an nemi izinin manyansu.

Abu ɗaya da jagororin Turawa ba za su gaya miki ba: matan da Hausa suka yi magana, ke kuma da Faransanci za ki rubuta. Fassarar taki ce, ki faɗi haka. Inda kalmar ke da nauyi, ki bar ta da Hausa ki yi bayani. Mace ta ce ta yi yaji, kika fassara da saki, kin ɗora mata maganar da ba ta yi ba. Yaji na iya ƙarewa da biko, aure na nan. Haka kunya, haka zawarci. Ni na fi son in ga jimlar Hausar da fassararta a ƙasa, don ɗan jurin da ke jin Hausa ya auna da kansa.

Don kada jan biron ya dawo a babi na gaba, tun ran gini ran zane. Duk abin da kika karanta, ki rubuta marubuci, shekara, take, inda aka buga da shafi a nan take, kafin ki rufe. In kina da kwamfuta, manhajar Zotero kyauta ce kuma tana jera su da kanta, ko da yake sai kin duba bayanta. In babu, kayen jaka ɗaya ya wadatar, shafi guda ga kowane littafi, kalmomin marubuci da jan biro, naki da shuɗi.