Dinyoyin gadi sun shiga lambun maƙwabci: wa zai biya wa?

Tambaya: Barista, ina da gonar kaji a bayan garin Bauchi, ta hanyar Dass, inda na ajiye dinyoyi shida saboda ɓarayi. A watan jiya sun fita da asuba ta inda shinge ya ɓalle, suka cinye latas ɗin maƙwabcina, kuma da ɗansa mai shekara 8 ya zo korarsu, namijin ya cije shi a cinya. Uban ya yanka ɗaya, ya riƙe ɗaya, yana neman kuɗin magani da na latas. A ganina dabbar gadi aikinta ta yi, don haka ina shirin kai shi wurin 'yan sanda.

Amsa: Malam, abin da zan faɗa ya dogara ne da bayaninka kaɗai, domin ban ji ta bakin maƙwabcinka ba. Duk da haka, wajibi ne in fara da gyara fahimtar da ka gina ƙorafinka a kanta. Kiran dabba mai gadi ba ya ɗauke wa mai ita alhakin abin da ta aikata, balle a wajen gonarsa. Hasali ma wannan kalma tana iya zama hujja a kanka. A dokar ɓarna da kotunanmu suka gada daga Ingila, ana ɗora wa mai dabbar gida alhakin raunin da ta yi wa mutum idan an tabbatar ya san tana da halin kai farmaki. Wanda ya ce ya ajiye dinya don ta hana mutane shigowa, da wuya ya dawo ya ce bai san tana cizo ba. Duk mai kiwonta ya san tana da kaifin gani da ƙarar murya, wanda shi ne amfaninta a gadi, ya kuma san namijin yakan ƙara zafin rai lokacin da macen ke kwanci, yana cizo yana duka da fiffike, ba ya bambance ɓarawo da yaro.

Batun latas ya fi sauƙi, kuma ina jin tsoron bai fi maka daɗi ba. A ƙarƙashin waccan doka, idan dabbar kiwo ta tsallaka gonar wani ta yi ɓarna, galibi mai ita ne ke biya ko da bai yi sakaci ba, kuma an daɗe ana lissafa kaji da agwagi da dinyoyi cikin dabbobin da hukuncin ya shafa.

Idan kuwa ku biyun Musulmi ne aka je kotun shari'ar Musulunci, kalmar da ka rubuta, wato "da asuba", za ta yi nauyi fiye da yadda kake zato. A hadisin raƙumar Bara'u ɗan Azibu, wadda ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, an hukunta cewa masu gonaki ne ke da alhakin tsare su da rana, abin da dabbobi suka lalata da dare kuma yana wuyan masu su. Hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a aya ta 78 ta Suratul Anbiya ma a kan tumakin da suka yi ɓarna da dare ne. Saboda haka alƙali zai so sanin ko gari ya waye lokacin da suka fita. Malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan tsuntsayen gida irin su tattabaru da kaji da dinyoyi, wasu suka ba su hukuncin sauran dabbobin kiwo, wasu suka ce a hana mai su sakinsu idan suna cutar da maƙwabta. Za kuma a tambaya ko an taɓa yi maka gargaɗi a kansu, domin gargaɗin da aka yi biris da shi yakan jawo lamuni, wato alhakin biyan diyya. Ba ka ambaci wannan ba, kuma ina so ka tuna da kyau kafin wani ya tuna maka a gaban alƙali.

Wannan ba ya wanke maƙwabcinka. Riƙe dabbar da aka kama tana ɓarna har a biya diyya abu ne da doka kan amince da shi bisa sharuɗɗa, ciki har da ciyar da ita da sanar da mai ita. Yanka ta kuwa ɗaukar doka ne a hannu, kuma kundin dokar laifuffuka, wato Penal Code, ya ɗauki kashe dabbar wani da gangan a matsayin laifi, sai dai idan ya nuna cewa ya yi ne a daidai lokacin da take kan yaron kuma babu wata hanyar ceto shi. Mutumin da ya samu sukunin ɗauko wuƙa ya yanka, ina shakkar zai iya nuna hakan.

Kana da damar kai ƙara, hanyarta kuma sananniya ce. Sai dai ka sani ranar da ka shigar da taka, shi ma zai shigar da tasa, da takardar asibiti da yaro mai tabo, kuma abin da za ku kashe a zirga-zirga da kuɗin lauya zai iya ninka kuɗin dinyar sau da yawa. Shawarata ita ce ka je ka duba yaron tukuna, ba tare da ka yi alkawarin wani adadi ba. Daga nan ka nemi mai unguwa da limami su zaunar da ku, a samo mai sayar da tsuntsaye da mai sayar da kayan lambu daga kasuwar Muda Lawal su ƙiyasta dinyar da latas ɗin, a haɗa da rasidin magani, a cire wannan daga wancan, wanda saura ya hau kansa ya biya, a mayar maka da wadda ke raye. A rubuta yarjejeniyar, shaidu biyu su sa hannu, a bayyana cewa ta rufe duk wata da'awa daga ɓangarorin biyu. Kafin ranar zaman, ka gyara shingen, ka riƙa kulle su a keji in ban da cikin gonarka, ka kuma ɗauki hoton gyaran da kwanan wata.