Ta ina za a fara horar da shugabannin makarantu kan kafafen sada zumunta?

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce an ɗora miki nauyin koya wa shugabannin makarantu yadda za su ƙulla alaƙar aiki da takwarorinsu ta intanet, kina neman ta inda za ki fara. Na daɗe a wannan harka, kuma shawarata ita ce kada ki ɓata ranar farko wajen buɗe musu shafuka. Yawancinsu suna da WhatsApp da Facebook tun tuni. Abin da suka rasa shi ne dalilin da zai sa su tuntuɓi wani shugaba da ba su taɓa gani ba.

Ki sa kowa ya rubuta matsala guda da ke ci masa tuwo a ƙwarya: malamai masu makara, jadawalin darussa da ya ƙi daidaituwa, iyayen da ba sa zuwa taro. Sai ya jefa ta a zauren WhatsApp na mahalarta taron a matsayin tambaya, nan take, kina tsaye a kansa. Na ga wani dattijon hedimasta da ya shigo yana cewa wannan wasan yara ne. Kafin a tashi, wata shugaba ta turo masa hoton yadda take raba darussa idan malami bai zo ba. Ya gyara tabarau, ya jawo littafinsa, ya duƙufa kwafa. Tun daga ranar ba a sake roƙonsa ya yi magana ba.

Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, amma a ganina idan ya wuce hamsin sai ya koma kasuwa. Ki naɗa mai kula da shi wanda ba ya jin nauyin goge gaisuwar safiya da saƙonnin da ake ta turawa, domin su ne ke binne tambayoyi masu amfani. Masu son leƙawa waje ki nuna musu LinkedIn, wanda aka buɗe a 2003 don ma'aikata, da kuma X, wato Twitter kafin 2023, inda malamai suka fara tattaunawa ƙarƙashin #edchat, alamar da ke haɗa saƙonninsu kan ilimi wuri ɗaya, tun 2009.

Wurin da nake so ki tsananta shi ne sirrin yara. Shugaba zai ɗauki hoton rajista don neman shawara, sunayen ɗalibai da makinsu duk a fili, da kyakkyawar niyya kuwa. Ki koya musu rufe sunaye kafin turawa, da neman izinin iyaye kafin sa hoton yaro, da raba shafin makaranta da nasu na kansu. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a gabanki, wato ƙarin lambar sirri da ke hana wani shiga WhatsApp ɗinsa daga wata waya, saboda idan aka sace lambar shugaba, da sunansa za a damfari iyaye.

Bayan taron, ki riƙa jefa tambaya ɗaya duk mako, ki ambaci mutum biyu da suna su fara amsawa. Allah ya taimaka, Malama.