Tsohon katin girafik: wanne ya cancanci kuɗinka?

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan katin girafik na hannu ne, wato katin da ke zana hoton gem a allo, tunda farashin sabo ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu buga gem a kwamfuta. Na zaɓo guda shida.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An nuna mini RX 580 mai gig 8 da GTX 1060 mai gig 6, kuɗinsu kusan ɗaya. Wasannin ƙwallo na EA Sports FC da GTA V nake bugawa a monita 1080p. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Waɗannan katuna biyu sa'o'in juna ne. Nvidia ta fitar da GTX 1060 a Yulin 2016 a kan dala 249, AMD kuma ta fitar da RX 580 a Afrilun 2017 a kan dala 229. A ƙarfin gudu kunnen doki suke yi: 1060 kan ɗan wuce a tsofaffin wasannin da aka gina a kan DirectX 11 irin su GTA V, shi kuwa 580 kan rama a waɗanda ke amfani da DirectX 12 ko Vulkan. Wasannin da ka ambata duka biyun za su ɗauka ba tare da wahala ba, domin mafi ƙarancin katin da FC 24 ya nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, kuma duka biyun sun fi waɗannan.

Saboda haka ba gudu ne zai raba maka gardama ba. Abu biyu ne: ma'adanar katin da kuma wutar da yake sha.

Ma'adanar, wadda ake kira VRAM, ita ce wurin da katin ke ajiye zanen fili da fuskokin 'yan wasa da gine-gine. Idan ta cika, sai katin ya koma aron RAM ɗin kwamfuta ta hanyar da ta fi jinkiri nesa ba kusa ba, a nan ne za ka ga hoto yana tafiya lafiya lau sai ya daskare na ɗan ƙiftawar ido, ko bango ya fito dishi-dishi kafin ya washe. Gig 8 na RX 580 ya fi ba ka sarari a sababbin wasanni.

Wuta kuwa labari ne daban. GTX 1060 wat 120 yake sha, da filogi ɗaya mai fil 6, kuma fawa sufulai (akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta) mai wat 400 ya ishe shi. RX 580 wat 185 ne, filoginsa mai fil 8, kuma ana so a ba shi fawa sufulai na kirki mai wat 500. Bambancin wat 65 ke nan. Ga mai wutar NEPA ba wani abu ba ne, amma ga mai inbata da batir ko ƙaramin janareta, lissafi ne. Mai gidan gem da ke da kwamfuta goma, kowace tana aiki awa goma, bambancin ya kai yunit shida da rabi a kullum, ban da zafin da za su ƙara wa ɗakin a watan Afrilu.

Hukuncina: in wutarka ta sola ce ko janareta, ɗauki 1060. In kana da fawa sufulai mai kyau kuma wuta ba matsala ba ce, ɗauki 580.

Sai dai ka kula da tarko biyu da ke cikin sunayen nan. Akwai GTX 1060 mai gig 3, kuma ba ma'adanar kaɗai aka rage masa ba, har ƙwayoyin lissafinsa 1152 ne maimakon 1280. Kada ka saye shi yanzu sai in kusan kyauta ne. Haka nan akwai RX 580 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin a 2018. Na ainihin ƙwayoyinsa 2304 ne, wannan kuwa 2048, wato RX 570 ne aka sauya wa riga. Ba mugun kati ba ne, amma kuɗin 570 ya kamata ka biya.

Tambaya: Ina da Dell OptiPlex ɗin ofis, siririyar nan, mai Core i5 da RAM gig 8. Zan iya sa mata RX 580?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kuma dalilai uku ne.

Na farko, ba zai shiga ba. Siririn akwati gajeren kati yake ɗauka, mai rabin faɗin na yau da kullum, da guntun ƙarfen ɗauri a baya. Na biyu, fawa sufulai na irin waɗannan kwamfutoci bai cika wuce wat 255 ba, wasu ma 180 ne, kuma ba shi da wayar fil 6 ko fil 8. Na uku, a yawancin samfuran baya-bayan nan filogin da ke kai wuta madabod na kamfanin ne na musamman, ba za ka cire ka sa na kasuwa kai tsaye ba.

Ramin PCIe, wato ramin madabod da ake soka katin, da kansa yana ba da wat 75. To katin da ba ya neman fiye da haka za ka nema: gajeren GTX 1050 Ti ko gajeren GTX 1650, dukansu gig 4. 1650 ya fi ƙarfi sosai, shi zan fi ba ka shawara. In kuɗi ya kai, RTX 3050 mai gig 6 da ya fito a 2024 wat 70 yake sha, akwai gajerensa kuma. Kafin ka biya, buɗe akwatin ka duba: a wasu samfuran dogon ramin yana manne da fawa sufulai, kati mai kaurin rami biyu ba zai zauna ba. A nan RX 6400 mai rami ɗaya ne mafita, ko da yake layi huɗu kawai yake amfani da su, kuma a tsohon PCIe 3.0 ƙarfinsa yana raguwa.

Wani zai ce maka akwai 'yar waya mai juya filogin SATA ya koma fil 6. Don Allah kada ka yarda. Filogin SATA wat 54 aka ƙayyade masa a layin bolt 12, fil 6 kuwa yana iya jan 75. Robar kan yi zafi ta narke, wani lokaci har da hayaƙi.

Sannan ka ƙara RAM ya zama gig 16, sanda biyu iri ɗaya. Sau da yawa wannan yana kawar da tsaitsayawar da ake ɗora wa kati laifinta. GT 1030 kuma in ya zama dole, tabbatar mai GDDR5 ne. Mai DDR4 sunansu ɗaya, amma saurin ma'adanarsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wancan.

Tambaya: Na sayi GTX 1050 Ti sabo a kwali da arha sosai. Windows ya nuna sunansa daidai, amma da gem ya fara sai ya rufe kansa. Direban Nvidia, wato manhajar da ke sa katin aiki, ma ya ƙi hawa, sai na faifan da ke cikin kwalin. Me ke faruwa?

Amsa: Alamun da ka faɗa duk na jabu ne. Abin da ake yi shi ne a ɗauko tsohon guntu, wato ƙwaƙwalwar kati, irin na GTS 450 na shekarar 2010, a sake rubuta masa BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin katin, ya riƙa faɗin wani suna da girman ma'adanar da ba shi da ita. Yana cewa gig 4, alhali galibi gig 1 ne. Da zarar gem ya nemi fiye da abin da ke akwai, sai ya faɗi. Shi ya sa kallon bidiyo da aikin ofis ke tafiya lafiya.

Sauke manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, kyauta ce kuma ƙarama. GTX 1050 Ti na gaskiya zai nuna guntu GP107 da ƙwayoyin lissafi 768. In ka ga GF106 ko GF116 da ƙwayoyi 192, magana ta ƙare. Sau tari ma manhajar da kanta kan rubuta FAKE a gaban sunan. Da ido ma ana ganewa: duba bayan katin, in akwai shuɗin ramin VGA, ka yi shakka, domin jerin GTX 10 sun bar fitar da hoton analog.

Ba gyara gare shi. Ɗauki hoton abin da GPU-Z ya nuna ka mayar wa mai shagon. Mai yiwuwa shi ma haka aka kawo masa.

Tambaya: An ce yawancin RX 570 da 580 da ke kasuwa an yi haƙar kirifto da su. Su lalatattu ne? Yaya zan gwada kafin in biya?

Amsa: Gaskiya ne an yi amfani da su sosai wajen haƙar kuɗin kirifto na Ethereum, kuma da aka daina haƙarsa da katin girafik a Satumbar 2022 sai suka malalo kasuwannin duniya, har da namu. Amma haƙa ba hukuncin kisa ba ne. Guntun kansa yakan jure. Abin da ke gajiya shi ne fanka, da man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya, da ma'adanar da aka tilasta wa gudu dare da rana.

Ko a titin Beirut na Kano kake ko a Computer Village ta Ikeja, kada ka biya sai an sa katin a kwamfuta a gabanka. Ka je da filashi mai ɗauke da GPU-Z da manhajojin gwajin kati FurMark da Unigine Heaven, ka ware wa abin minti talatin.

Tun kafin a kunna, juya kowace fanka da yatsa. Ya kamata ta juya sumul; in tana karkarwa ko tana ƙara kamar da yashi a ciki, ta kusa tsayawa. Juya bayan allon katin ka duba daidai bayan guntu: launin rawaya ko ruwan ƙasa alamar doguwar gasuwa ce. Tsatsa a ƙarfen baya na nuna an ajiye shi a wuri mai danshi, ko an wanke shi da ruwa don ya yi kyan gani.

Bayan an kunna, a sa direba na ainihi daga shafin AMD. In ya ƙi hawa, ko Device Manager ya nuna alamar rawaya da lamba 43, mai yiwuwa BIOS ɗin haƙa ne har yanzu a kai. Wasu katunan suna da ɗan makunni a gefen sama mai sauya BIOS biyu. A kashe kwamfutar, a tura shi ɗaya ɓangaren, a sake gwadawa. Daga nan a saki FurMark na minti 15 kana kallon zafi. In ya tsaya ƙasa da digiri 80, madalla. In ya haura 85 cikin minti biyu ko uku, man ya bushe, sai ka nemi ragi. Sai Heaven na wasu minti 15, kuma a nan idonka ne alƙali: ɗigo-ɗigo kore ko ja, layuka masu gilmawa, murabba'ai kamar dara, ko allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo, duk ciwon ma'adana ne. Wannan kam ka bar shi ko nawa aka rage. Gwada kowane ramin HDMI da DisplayPort, domin akan samu ɗaya ya mutu. A ƙarshe ka nemi a rubuta maka lambar katin a rasit da garantin ko da mako ɗaya ne.

Tambaya: GTX 1080 Ti ko RX 6600? Abokina ya ce 1080 Ti sarki ne har gobe.

Amsa: Abokinka yana da hujja. Katin Maris 2017 ne mai gig 11, an sayar da shi dala 699, kuma a tsofaffin wasanni har yanzu yakan ɗan wuce RX 6600. Amma wat 250 yake sha, da filogi biyu da fawa sufulai mai wat 600, alhali 6600 na Oktoban 2021 wat 132 ne.

Babbar matsalar ita ce ƙofa ta fara rufuwa. Doom: The Dark Ages na 2025 ba ya tashi sam sai a katin da ke da sashen bin sawun haske, wanda jerin GTX 10 da RX 500 ba su da shi. Nvidia kuma ta tsayar da sababbin direbobin gem na jerin GTX 900 da GTX 10 a ƙarshen 2025, saura gyaran tsaro kawai zuwa 2028. In kuɗinsu ya yi kusa, 6600 za ka ɗauka. Wanda wasanninsa duk na da ne kuma yana da wuta wadatacciya, shi 1080 Ti ya dace da shi.

Tambaya: GTX 1060 ɗina da yana gudu lafiya, yanzu bayan minti goma sai gem ya fara ja, fanka na ihu.

Amsa: Zafi ne. Katunan wannan jerin suna fara rage gudun kansu idan suka kai digiri 83, kuma ƙurar hunturu da ta toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, ga zafin bazara a kai, ta isa ta kai shi can.

Kashe kwamfutar, zare wuta, cire katin. Riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka hure ƙurar da bulowa, ka bi da busasshen buroshi mai laushi. In bai wadatar ba, kwance sukurori huɗu masu sifirin da ke bayan guntu, ka ɗaga ƙarfen a hankali, kana lura da siririyar wayar fanka kada ta tsinke. Goge tsohon man da auduga da sifirit mai ƙarfi, ka shafa sabo siriri ya rufe fuskar guntun gaba ɗaya har kusurwoyi, domin guntun kati tsirara yake, ba shi da murfi irin na furosesa. 'Yan faifan roba masu laushi da ke kan ma'adana kada ka yar da su. In sun yage, ka sa masu kauri daidai da nasu, don mai kauri fiye da kima zai ɗaga ƙarfen ya hana shi taɓa guntu. Wajen ɗaurewa, bi sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Daga nan buɗe manhajar saita kati ta MSI Afterburner ka sauke iyakar wuta zuwa kashi 80 cikin ɗari. Gudun da za ka rasa kaɗan ne, zafi da ƙara kuwa za su sauka a fili. Ka kuma ɗaga kwamfutar daga kan siminti ko kafet zuwa tebur, ka bar tazarar taƙi guda tsakanin bayanta da bango.