Tambaya da Amsa: An Ce An Sayar da Lungunmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Koko da ƙosai nake sayarwa a bakin wani lungu a Aboabo, Kumasi. Ta nan yara ke wucewa makaranta, ta nan ake fita da gawa. Wani attajiri ya sauke bulo, wai ya sayi lungun zai gina shaguna. Muna da ta cewa? Wata uwa a Aboabo.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kuna da ita, amma ku hanzarta kafin siminti ya bushe.

Ku fara da ofishin tsara gari na majalisar Asokore Mampong, ƙaramar hukumar da Aboabo ke ciki, ku nemi taswirar unguwar. In lungun na cikinta a matsayin hanya, takardar sayen filin kaɗai ba ta isa a toshe shi ba. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016, Act 925, ta tanadi a nemi izinin sauya amfanin wuri tukuna, kuma babu gini sai da lasisi. Ku ce ya nuna nasa. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

Sannan wa ya sayar masa? Yawancin ƙasar Kumasi ta sarauta ce a ƙarƙashin Asantehene, Sarkin Asante, kuma dokar filaye ta 2020 ta ce amana sarakuna ke riƙe wa jama'a. Bincike a Lands Commission, hukumar filaye ta Ghana, zai nuna sunan da ke rajista.

Ku rubuta koke, liman da sarkin zango su sa hannu, ɗan majalisar unguwa ya kai. In aikin bai tsaya ba, lauya ya nemo umarnin kotu na dakatarwa. Samari dai kada su taɓa bulonsa.