Gasar neman gurbin ADCC: wane salon kamu ne ke fitar da zakara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai bin kokawa ne, kwanan nan na fara kallon kokawar miƙa wuya ta ADCC a intanet. Na ji ana cewa murɗe dunduniya ne ke cin gasar share fage a Amurka. Haka ne? Su wa suka yi nasara, kuma da wane kamu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar da ka ji tana da tushe, sai dai ta ɗan kwana biyu. Murɗe dunduniya yana nan daram, amma a yanzu wanda ya iya kayarwa a tsaye, ya kuma iya hawa bayan abokin karawarsa, shi ya fi yawan kai labari. Dokar gasar ce ta jawo haka.

Shaihu Tahnoon bin Zayed na Abu Dabi ne ya kafa ADCC a 1998, ana kuma yin babbar gasar duk bayan shekara biyu. Rukunan maza biyar ne: kilo 66, 77, 88, 99, sai abin da ya haura 99. Kowane rukuni na ɗaukar mutum 16, wasu da gayyata, wasu ta share fage a Arewacin Amurka, Kudancin Amurka, Asiya da Oshiniya, da kuma Turai. Ɗan Afirka da ke son gurbi, a gasar ɓangaren Turai, Gabas ta Tsakiya da Afirka zai nema.

A share fage karawa minti 6 ce, kuma a minti 3 na farko ba a ƙirga maki. Bayan nan kayarwa maki 2 ce, idan kuwa ka kayar ka sauka a gefensa ka riga ka tsallake ƙafafunsa, maki 4. Tsallake ƙafafun wanda ke kwance maki 3, hawa baya da maƙale ƙafafu biyu maki 3. Kowanne sai ka riƙe shi daƙiƙa 3. Wanda ya zauna ƙasa da gangan bayan an fara ƙirga, a zaftare masa maki 1. Ka ga ke nan mai dogaro da zama ya kamo ƙafa, minti 3 kacal yake da su na sakewa. Idan bai gama aiki a ciki ba, kuma aka koma tsaye, ko aka shiga ƙarin lokaci, dole ya yi kokawar da ya guje wa.

Ga sakamakon da ya fi nuna wannan sauyi. A share fagen gabashin Amurka na Nuwamba 2021, Cole Abate ya ci kilo 66 yana ɗan shekara 16, Kade Ruotolo ya ci 77, Giancarlo Bodoni ya ci 88, Mason Fowler ya ci 99. A na yamma da aka yi a Las Vegas cikin Afrilu 2022, Keith Krikorian ya ɗauki 66, William Tackett 77, Jay Rodriguez 88. Rodriguez tsohon ɗan kokawar makaranta ne, ya kuma sa duk wanda ya kara da shi miƙa wuya. Da aka je babbar gasar a Satumba 2022, Bodoni ya zama zakara da shaƙar baya a kan Lucas Barbosa. Ruotolo kuma ya ci karawarsa huɗu duka da miƙa wuya yana ɗan shekara 19, ya rufe da murɗe dunduniyar Mica Galvão. Wato kamun ƙafa bai mutu ba, ya dai zama ɗaya daga cikin makamai.

Tashen murɗe dunduniya ya kai ƙololuwa a 2019, lokacin da Lachlan Giles ɗan Ostareliya, mai karawa a kilo 77, ya shiga rukunin da ba ruwansa da nauyi ya murɗe ƙafafun ƙatti uku: Kaynan Duarte, Patrick Gaudio da Mahamed Aly. A wancan lokacin, da yawan ƙwararrun kokawar jujitsun Barazil ba su san kariyarsa ba, don dokar IBJJF, babbar hukumar shirya gasannin jujitsun, ta hana shi. Daga 2021 hukumar ta halatta shi ga manya masu bel ruwan ƙasa da baƙi a karawar da ba a sa rigar jujitsu, sai kowa ya zauna ya koya. Kamun kansa haka yake: ka naɗe cinyarsa da ƙafafunka a saman gwiwa, yatsun ƙafarsa a hammatarka, dunduniyar a kan wuyan hannunka, sannan ka tura ƙugu. Ƙarfin a jijiyoyin gwiwa yake sauka, kuma sau da yawa jijiyar kan tsinke kafin zafi ya iso, shi ya sa ba a koyonsa sai gaban malami. Mai kariya zai miƙe yatsunsa ya ɓoye dunduniyar, ya zare gwiwarsa daga maƙatar. Da zarar gwiwa ta fita kamu ya lalace, mai harin ya tsinci kansa a ƙasa, wani lokacin ma bayansa a buɗe.

Batun baya shi ne inda dokar ta fi yin tasiri. A kokawarmu ta gargajiya, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A nan kuwa kayarwa ba ta zama maki sai an danne mutum bayansa a ƙasa. Don haka wanda aka kayar yakan yi maza ya juya ya durƙusa kan gwiwa da hannuwa, ya hana maki 2, amma ya miƙa bayansa. Gwani zai zura hannu ɗaya ta kan kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, ya manna ƙirji da gadon bayansa, ya saka ƙafafu, ko ya ɗaure cikinsa da su. Sai ya danne hannu ɗaya na abokin karawar da ƙafa, ya zama hannu biyu ne ke faɗa da ɗaya. Daga nan dantse ya shige ƙarƙashin haɓa, gwiwar hannu ta daidaita da tsakiyarta, a matse jijiyoyin jini biyu na gefen wuya. Kuskuren sababbi biyu ne: rige-rigen kai hannu wuya kafin ƙirji ya manne, sai mutum ya zame ya juyo, da harɗe idon sawu a gaban cikinsa, wanda ke ba shi damar danne su ya karya.

Akwai kuma abin da ba a gani a gajerun bidiyo. A rukunan da suka cika, zakara kan yi karawa shida, bakwai ko fiye cikin kwana biyu, ga wahalar rage nauyi. Mai gama karawar farko-farko da wuri yana adana numfashi, mai yawan shiga ƙarin lokaci kuwa yakan isa zagayen kusa da ƙarshe hannuwansa sun mutu. Idan za ka sake kallo, Malam, ka sa ido daidai lokacin da minti 3 suka cika: duba wa ke tsaye da ƙarfinsa, wa kuma ke neman hanyar zama.